Motar da Ba Ta Jure Tsayuwa

Malama ta dawo daga makaranta da azahar ta tarar da ƙofar gareji a rufe ruf, injin motarta yana ta kuka a ciki kamar ana tsere da shi. Gabanta ya faɗi. A cikin motar nan mahaifinta yake baccin rana, don ya ce duk gidan babu abin da ke karɓar ciwon bayansa kamar kujerar mai zaman banza idan aka kwantar da ita.

Ta yar da jaka ta finciki ƙofar. Hayaƙi ya buge ta a fuska. Ta hango Baba ta gilashi, kansa ya langaɓe, bakinsa a buɗe. Ihun da ta kurma ne ya fito da mijinta daga cikin gida da gudu.

"Koma baya! Koma baya na ce!"

Ya ture ta waje ya faɗa cikin hayaƙin. Injin ya yi shiru, sai ga shi ya fito da Baba a kafaɗa.

A asibiti likita ya ce da sauran numfashi, amma bai farfaɗo ba. Dangi suka taru suna jajantawa, kowa na cewa tsautsayi ne: tsoho ya ji zafi, ya kunna mota don ya sha sanyi, bacci ya kwashe shi. Malama kuwa ba ta yarda ba. Akwai abin da ta sani game da motar, kuma washegari da safe ta kai shi ofishin 'yan sanda da ƙafarta.

Sufeton da aka ba aikin mace ce, mai ƙaramar murya da kallon da ke sa mutum ya tuno laifin da ya manta. Ta zo gidan, ta sa aka kirawo bakaniken Malama, ta tsaya a bakin gareji.

"Maimaita abin da kika faɗa mini."

"Ranki ya daɗe, motar nan ba ta tsayawa a kunne. Da inji ya ɗau zafi, in ka ɗage ƙafa daga totur, mutuwa take yi."

Sufeto ta juya ga bakanike. "Haka ne?"

"Haka ne, hajiya. Ɗan ƙaramin inji ne, fiston uku. Ba ya shan mai, ba ya ba da wahala, in kana canja masa baƙin mai kan lokaci zai kai ka inda kake so. Cutarsu ɗaya: maƙogwaron da iska ke shiga yana tara dauɗa, sai ta riƙa kakkarwa tana mutuwa a tsaye. Ga shi an daɗe da cire abin tace hayaƙi daga salansar. Hayaƙinta a rufaffen ɗaki, ai guba ce."

"Kunna."

Ya kunna. Motar ta yi ɗan gurnani, ta ɗau zafi, ta hau rawar ɗari, ta mutu. Ya sake, ta sake. Tun jiya Malama take roƙon Allah ya sa ita ce ta yi kuskure.

"Jiya kai aka ce za ka zo ka duba ta, shi ya sa ta bar ta a gida," in ji Sufeto. "Ina ka shiga?"

Bakanike ya share gumi. "Wallahi ban zo ba. Wata mota ce ta lalace a hanyar bayan gari, tun safe muna ƙarƙashinta har la'asar. Mai motar na nan, a tambaye shi. Kuma ni da zan so ta daɗe a kunne, ai buɗe bonet zan yi in ɗaure wayar totur. Duba, ko ƙurar wurin ba a taɓa ba."

Sufeto ta leƙa, ta gyaɗa kai. Sai ta buɗe ƙofar direba. An tura kujerar gaba sosai, har ta kusa haɗuwa da sitiyari.

"Haka kike zama?"

"A'a. Ko ni da nake gajeruwa ba zan shiga haka ba."

A ƙasa, ta gefen direba, sandar Baba na yashe. Sufeto ta ɗauka, ta tokare kan sandar a jikin kujerar, ta ɗora ƙafar robar a kan totur. Sandar ta zauna daram kamar don wurin aka sassaƙa ta.

"A ina yake ajiye ta in zai kwanta?"

"Tsakanin ƙafafunsa," in ji Malama. "Ta can ɓangaren."

"Ƙarar inji ba ta tashe shi ba?"

"Kunnensa ya yi nauyi, kuma maganin da yake sha bayan cin abinci yana sa shi bacci."

Duk wanda ya yi wannan ya san maganin, ya san kunnen, ya san halin motar. Tsigar jikin Malama ta tashi. Ba ɓarawo ba ne ya haura katanga, a kwano ɗaya suke ci da shi.

Aka kirawo Auta, ƙaninta, tela ne da gemunsa amma har yau Baba na yi masa faɗa kamar ɗan goye. Ya zo ido jawur.

"An ce shekaranjiya kun yi cacar baki da mahaifinka," in ji Sufeto.

"Kullum ma muna yi. Ya ce ɗinkina kamar buhu." Ya haɗiye kuka. "Yaya, ke ma kin yarda zan taɓa Baba?"

Malama ta kau da kai don kunya da tsoro. Aka tabbatar jiya yana shago tun safe, masu karɓar ɗinki sun tsare shi, ko salla a ƙofar shagon ya yi.

Saura mijinta. Ya fito da kwandon abinci a hannu, zai tafi asibiti. Likita ya yi waya cewa Baba ya fara motsa yatsu, shi kuma ya ce kowa ya huta, yau shi kaɗai zai zauna da surukinsa.

"Kana cikin gida ba ka ji inji ba?" in ji Sufeto.

"Ina wanka, ga famfo ga rediyo. Ihunta na ji."

"Kana tuƙa motar?"

Ya yi murmushi. "Wannan akwatin ashanar? Gwiwoyina ma ba za su shiga ba. Babur ɗina ya ishe ni. Tambaye ta, ban taɓa riƙe sitiyarinta ba."

"Gaskiya ne," in ji Malama, har ta ji wani ɗan sanyi a ranta.

Sufeto ta zagaya gaban motar, ta ɗan daɗe tana shafa fitilar hagu. Sannan ta miƙa masa makulli. "To taimaka ka kai mu asibitin. Direbana ya tafi da motarmu, matarka kuma hannunta rawa yake yi. Ka dai iya tuƙi ko?"

"Na iya."

Ya ja kujerar baya ya shiga. Sufeto ta zauna kusa da shi, Malama a baya da kwandon abinci a cinya. Suka fita layi, inji ya ɗau zafi. A mahaɗar farko wata babbar mota ta tare hanya, dole ya tsaya. Malama ta jira kakkarwar nan da ta saba, ta jira mutuwar.

Motar ba ta mutu ba.

Ta leƙa ta tsakanin kujeru. Ƙafarsa ta hagu na kan kuloci. Ta dama kuwa ya karkata ta, dunduniya a kan birki, yatsu suna ɗan lallaɓa totur. Ita sai da ta sha zagin direbobi wata da watanni kafin ƙafarta ta koyi wannan. Shi ko kallon ƙasa bai yi ba, yana ta ba Sufeto labarin kirkin Baba.

Malama ta toshe baki da mayafi don kada numfashinta ya tona ta.

"Sha kwana ta dama," in ji Sufeto.

"Asibiti ai gaba yake."

"Ta dama."

A harabar ofishin 'yan sanda ya tsaya, nan ma bai bar ta ta mutu ba sai da Sufeto ta kai hannu ta zare makulli.

"Bakinka ya ce ba ka san motar nan ba, ƙafarka ta ce ta san ta," in ji ta. "Fitilar hagu sabuwa ce, ta dama ta yi dushi-dushi. Makon da matarka ta tafi kwas, wata ƙaramar farar mota ta banke mai keke a kusa da kasuwa. Masu shaguna sun ce injinta ya mutu a wurin, direban ya yi ta murza makulli har ta tashi ya gudu. Mai keken bai kwana ba. Tsohon da ke wuni a gareji shi ne zai fara ganin an canja fitila."

Sai a lokacin Malama ta tuna. Jiya da safe tana ɗaura agogo Baba ya ce mata, "In mijinki ya dawo cin abinci, ina da magana da shi." Ita da bakinta ta isar da saƙon.

"Da ka shiga ceto," Sufeto ta ci gaba, "ka fizge sandar ka yar, ka kashe inji. Kujerar ce ba ka samu damar mayarwa ba."

Da mijin ya buɗe baki, ba Sufeto ya yi wa magana ba, madubi ya kalla.

"Baba cewa ya yi in kai kaina wurin 'yan sanda, ko shi ya kai ni. Maman yara, ki duba yaran nan..."

Malama tana ji aka buɗe ƙofa aka fitar da shi. Kwandon yana nan a cinyarta da ɗuminsa, ga ƙaramin filas ɗin da ya haɗa da hannunsa, ya ce na Baba ne in ya farka. Ta miƙa wa Sufeto filas ɗin da hannu biyu.

"A duba wannan," ta ce.

Ta karɓi makulli, ta zagaya ta shiga mazaunin direba, ta jawo kujerar daidai tsawonta. Kafin ta kai asibiti sau uku motar na mutuwa a hannunta, don ƙafarta ta ƙi daina rawa.