Baƙin Mai a Kwanar Farko

Motoci sun fara jeruwa a layin tashi na filin tseren Naracoorte lokacin da tsoho Merv, mai ɗaga tuta, ya zame ya faɗi a kwanar farko. Da ya shafa kwalta, hannunsa ya yi baƙi ƙirin. An malala baƙin mai a gefen ciki, an yayyafa ƙasa a kai. Nan take aka dakatar da tseren.

Saja Narelle Kosta, 'yar sanda, ta zo kallo ne. Ta ajiye tsiran naman da take ci, ta shiga aiki.

Tahlia Brogan ce a sahun gaba ta gefen ciki, ita za ta fara taka man. Jama'a suka sa wa Dougal Pirie ido, wanda ke gefenta, don kowa ya san ba sa ga maciji.

"Saja, a kwalta nake so in kayar da ita, ba a asibiti ba," in ji Dougal. "In ta zame, wa za ta fara kwasa?"

Narelle ta dubi kwanar. Gaskiya ne, shi motar Tahlia za ta daka. Ta sallame shi.

Ta bi layin tana duba motoci, sai ta tarar gurbi na uku, a sahu na biyu, babu kowa.

"Na Craig Hallam ne," in ji Merv. "Tun da safe ya ce a mayar da shi can baya, wai kulocin motarsa na wasa."

Ta iske Craig a rumfarsa.

"Ba ni makullin motarka."

"Haba Saja, ba za ta motsa ba!"

Ta shiga, ta zagaya rumfunan da motar. Giyar motar na shiga sumul, kuloci lafiya lau. A rumfarsa, ƙarƙashin wani tamfol, ta samo jarka, bakinta jiƙe da baƙin mai.

"Ba direban da ke sakin sahu na biyu haka kawai," ta ce. "Tahlia da Dougal kaɗai ke gabanka a kofin bana. Ka san za a yi karo, ka koma inda ba zai same ka ba."

Craig ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka ciyawa kawai za su faɗa."

"Da motoci cike a bayansu?"

Aka wanke kwanar, aka sake jera motocin. Narelle ba ta saki numfashi ba sai da motar ƙarshe ta wuce kwanar lafiya. Tahlia ce ta yi nasara. Dougal ya fara isa wurinta, ya rungume ta yana zaginta.