Wa Zain Yake Kaiwa Hatta?

A kan duwatsun Hatta suka fara haɗuwa, wata Asabar cikin sanyin Disamba, ranar da 'yan Arewa mazauna Dubai suka shirya hawan dutse. Ummulkhair, mai aiki a wani kantin magani a unguwar Al Rigga, ta zo da takalmin zuwa biki, ba a yi nisa ba ya tsinke. Wani dogon saurayi ya zare igiyar jakarsa ya miƙa mata.

"Sunana Zainul Abideen. Ɗaure da wannan, kada ki koma gida da ƙafa ɗaya."

Ta harare shi, amma ta karɓa. Kafin su kai inda ake hango ruwan dam kore shar a tsakanin duwatsu, ta san injiniya ne, shi kuma ya san lambar wayarta.

Daga nan kowace Asabar suna cikin ayarin, har ya tura magabatansa Kano wurin iyayenta. Abbanta ya ce shi ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai taɓa gani ba, sai an yi bincike. Wa zai yi binciken, bai faɗa ba.

A daidai lokacin Zain ya canza. Wata Juma'a saƙonsa ya shigo:

"Khairina, gobe ki huta a gida. Hawan zai yi miki wuya."

Ita da kullum take riga shi kaiwa sama! Mako na gaba ma haka:

"Habibti, wannan karon ma ki yi haƙuri. Ina sonki."

"Mazan Dubai?" in ji Saratu, abokiyar zamanta. "Wallahi ki buɗe ido. Kowa da wadda ya ɓoye."

Ummulkhair ta so ta ƙi yarda, sai ga shi ya zo kantinsu ya sayi man zafi na gwiwa, shi da ko mura ba ta kama shi. Ta tambaye shi na waye, ya sosa ƙeya ya ce na wani ne. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ƙudurta in ta kama shi da wata, da bakinta za ta ce wa Abba a fasa.

Asabar da safe ta ja Saratu suka nufi Hatta. Ga motarsa a gindin dutse. Suna cikin hawa ta jiyo muryarsa a bayan wani ƙaton dutse, mai taushi, irin wadda take zaton ita kaɗai ake yi wa.

"Sannu, a hankali. Saura kaɗan."

Ta afka musu ba ko sallama. "Zain, wace ce..."

Wanda ke rataye a kafaɗar Zain, ya yi sharkaf da gumi, Baffa Halliru ne, ƙanin Abbanta, mai harkar kago, wato aika kaya zuwa gida, a kasuwar Murshid Bazaar, mutumin da ko bene ɗaya ba ya hawa sai da lifta.

"Ke! Me ya kawo ki nan?" in ji Baffa yana haki.

"Baffa, ai ku zan tambaya."

Baffa ya zube a kan dutse. "Abbanki ya ce in bincika yaron nan a ɓoye. Masallaci yabo, wurin aiki yabo. Na ce sai na ga halinsa in ya gaji. Na shiga ayarinsu na ce likita ne ya sa ni rage tumbi."

Zain ya sunkuyar da kai. "Baffa, tun ranar farko na gane ku. Na taɓa ganin hotonku a wayarta." Ya juyo gare ta. "Shi ya sa na hana ki zuwa. In ya gan mu tare a kan dutse ba a ba ni ke ba, me zai faɗa wa Abba? Kuma ba zan tona dattijo ba."

Kunya ta rufe Ummulkhair. Ta waiwaya, Saratu ta duƙufa kallon tsuntsaye.

"Wato gwiwoyina a banza suka mutu?" Baffa ya fashe da dariya. "Yaron da ya san asirina ya rufa, kuma bai taɓa barina a baya ba, me kuma zan bincika? Khalas, magana ta ƙare. Ke kuwa, ban gan ki ba. Yalla, ku sauko da ni."

A hanyar sauka ta ce wa Zain a hankali, "Ka yafe mini, na zarge ka."

"Da ba kya sona, da ba ki biyo ni har nan ba, Khairina."

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure a Kano. Baffa Halliru ne waliyyin amarya, ya shigo masallaci yana ɗingishi. Da liman ya tambaya ko an ba da ita, ya ɗaga murya har na waje suka ji:

"Na ba shi. Wannan yaron ni na san nauyin da zai iya ɗauka. Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya."

Masallaci ya amsa da amin.