Farantin Injin Malam Mijinyawa

Ranar da Najmuddeen ya taso daga Gwarzo zuwa Kabo, inji ya zo saye, mata ba ta cikin lissafinsa. Kafinta ne mai yanka adon gadon amare da hannu, sai ya ji cewa Malam Mijinyawa yana da injin zarto mai yanka fulawoyi a katako, shekara shida yana ajiye.

Yarinyar da ta buɗe masa ɗakin ajiya ta yaye buhun da aka rufe injin da shi. Ko ƙura babu a kansa.

"Wa yake goge shi haka?"

"Ni ce," ta faɗa tana kallon ƙasa. "Baba ba ya shigowa nan."

Sunanta Zinnira. Najmuddeen ya duba injin sau ɗaya, ita kuwa ya dube ta ya fi a ƙirga.

Malam Mijinyawa ya tsaya daga bakin ƙofa, hannunsa na dama cikin riga. Ya nuna ɗan farantin da ke tsakiyar teburin injin, inda siririn zarton yake ratsawa.

"Ka ga ramin nan? Da ɗan tsagi ne, zarto ya cinye shi ya zama haka. Na zaga Kano neman sabo, aka ce an daina shigo da su. Na ci gaba da aiki, iyali sai sun ci. Wata rana guntun katako ya zurma ciki, hannuna ya bi shi."

Ya fito da hannun. Yatsu biyu sun ƙandare, jijiyarsu ta tafi. Ya ce, "Ɗauke shi, yaro, Allah ya tsare ka."

Bayan nan Najmuddeen ya zama mai yawan tambaya. Yau ya zo tambayar bel ɗin injin, jibi ya zo tambayar mai. Gwaggo, yayar Malam da ta riƙi Zinnira tun rasuwar mahaifiyarta, ta ce ita ba ta taɓa ganin injin da ake tambayar lafiyarsa wurin 'yar gida ba. A lokacin Shari'a na da zafinta, zance sai a zaure da rana tsaka, Gwaggo na zaune kusa tana tsince wake. Sauran maganar kuwa ta wayar Gwaggo take bi.

"Ƙanwata, yau na yanka fure ya karkace. Laifinki ne, ke nake tunani."

"Yayana, ka bar tunanina in kana riƙe da zarto. Ina son ka da yatsunka goma."

Da manyansa suka zo neman aure, Malam Mijinyawa ya karɓe su da mutunci, sannan ya ce musu a'a. Tun yana gadon asibiti ya rantse da Allah ba zai ba kafinta 'yarsa ba. Ya ga yadda gida yake komawa in hannun maigida ya mutu, ya ga matarsa ta yi jinya har ta rasu ba shi da abin yi mata. Maikuɗi mai shagon atamfa ya ji labari ya fara aiko da gaisuwa, Zinnira ta ƙi fita, uban kuma bai matsa mata ba. Ta rame, ta daina dariya.

Bayan sati biyu Najmuddeen ya dawo da injin a bayan a-kori-kura, ya durƙusa gaban Malam.

"Baba, ba maganar aure ta kawo ni ba. Na yi farantin sau uku da kaina, duk bai zauna ba. Ku ke da ido, ni hannu kawai gare ni."

Malam ya ce, "Da wane ice ka yi?"

"Falankin filawud."

"Shi ya sa. Samo maɗaci."

A tsakar gida suka yi aikin. Najmuddeen ya ɗora tsohon farantin a kan maɗacin ya zana, ya yanka, ya goge gefen. Malam yana shafawa da hannun hagu, idonsa a rufe.

"Ya yi tudu. In bai yi daidai da tebur ba katako zai yi tuntuɓe. Ƙara gogewa."

Sau bakwai ana cirewa ana mayarwa kafin ya zauna lif. Aka huda tsakiyar, aka yi tsagin da zarto kaɗai zai wuce. Da aka tada janareta, Malam ya ɗauki guntun katako zai gwada, yatsun suka ƙi riƙewa, katakon ya faɗi. Ya juya ya shige ɗaki. Zinnira tana bayan labule ta ga hawaye a gemunsa.

Washegari ta kai masa koko, ya dawo da shi yadda yake. Ta kai abincin rana, nan ma bai taɓa ba. Da magariba ya fita masallaci, sai bayan isha ya shigo. Rana ta biyu ma haka. Zuciyarta ta karye, ta tabbata fushi yake da ita har ya daina cin girkinta. Ta ɗauki wayar Gwaggo tana kuka.

"Yayana, mun tona wa Baba ciwonsa. Ka yafe ni, ka nemi wata. Ba ni da kowa sai shi."

"Ƙanwata, ba zan raba ki da shi ba. Amma wata kam babu ita."

Rana ta uku, ana kiran magariba, Malam ya ce ta kawo masa ruwa. Ya sha, ya yi addu'ar buɗa-baki, sannan ya ce ta zauna.

"Na tambayi Liman. Ya ce wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, ya yi kaffara, ya ciyar da mutum goma. In ba shi da hali, ya yi azumi uku." Ya ajiye kofin. "Na leƙa rumbu, Zinnira, babu abincin mutum goma. Kunya ce ta hana ni faɗa miki."

Ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka, ya dafa ta da hannun da ya saba ɓoyewa.

"Yaron nan bai kunna injin da ramin a buɗe ba, ya tsaya ya gyara. Ni ban tsaya ba. Ki ce ya turo manyansa."

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a Kabo, ba kiɗa ba taro mai yawa. Da za a tafi da amarya Gwarzo, Malam ya rako ta har bakin mota, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya tsare hannun da zai ciyar da ita.

Najmuddeen ya ce amin, ya kasa ɗago kai.