Shirun Ɗalhatu

Ƙamshin daddawa ya cika ɗan falonsu na unguwar Abu Hail a Dubai, har sai da Asama'u ta rufe taga don kada maƙwabta su yi ƙorafi. Kuka da daddawar nan su ne ragowar ƙunshin da mahaifiyarta, Inna Sabuwa, ta aiko musu daga Haɗeja kafin korona ta rufe filayen jirgi, kafin kuma Allah ya karɓi ran Inna ba tare da 'yarta ta ga ko makararta ba.

Mijinta Ɗalhatu ya dawo daga wurin aikin kwantena na tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, ya wanke hannu ya zauna gaban tuwo da miyar kuka. Loma biyu ya yi, ya ƙura wa kwanon ido, sai ya miƙe ya shige ɗaki ya tura ƙofa.

"Yaya Ɗalha, ba daɗi ne?"



Da kuka ta kira Gwaggo Sauda, ƙanwar mahaifinta da ke Haɗeja, a waya.

"Ai na gaya miki!" in ji Gwaggo. "Namiji in ya fara ture kwano, to wani kwanon ya samu a waje. Dubai fa kuke! Ki haɗa kayanki, da an buɗe hanya ki taho gida."

Asama'u ta ajiye wayar tana tuna Ɗalhatun da ta sani. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Haɗeja. Maraya ne, a tsakar gidan Inna ya girma, shi ke ɗebo mata ruwa, ita ke ajiye masa ɗumame. Shi ne ya riƙa zuwa zance a kan keke, da soyayyen kifin bakin gada a leda. Farkon zuwansu Dubai kuwa, jirgin metiro suke hawa har unguwar Al Rigga don kawai su sha karak, shayin nan mai madara, yana tsokanar gurɓataccen Larabcinta: "Shwayya-shwayya, a hankali Ma'u, kada ki karya musu harshe!"

Tun rasuwar Inna wannan mutumin ya ɓace. In ya yi shiru, ta ce ya tsane ta. In ya makara, ta ce yana wurin wata. Rannan har ta riƙe masa riga ta ce ya sauwaƙe mata.

"Khalas, ya isa, Ma'u! Don Allah ki bar ni!" ya ce, ya fice.

Barci ya ƙaurace mata, ta rame. Likitan da ta je wa da ciwon kai ya tura ta wurin Dakta Maimunat, wata 'yar Kaduna mai warkar da damuwa ta hanyar tattaunawa.

"Likitar mahaukata?" Gwaggo ta yi salati. "Asirin aurenki za ki kai kasuwa?"

Duk da haka ta je. Dakta ta bar ta ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce, "Mu koma ranar miyar nan. Da ya tashi, me kika ji a ranki?"

"Ya raina ni."

"Wannan abin da kike zaton yana ransa ne. Ke fa?"

Asama'u ta daɗe tana murza gefen mayafinta. "Tsoro na ji. Inna ta tafi, shi ma zai tafi."

"To, shi kuma me yake ji a lokacin?"

"Ai na san shi, Dakta!"

"Ni ban san shi ba, kuma ko ke ba ki ga cikin zuciyarsa ba. Ki kawo min dalili uku da za su sa mutum ya tashi daga kan abinci."

Da ƙyar ta kawo biyu. Mako-mako take komawa, wani zuwan ta fito da fushi tana cewa Dakta na goyon bayan maza. Amma a hankali ta koyi tsayawa in zuciyarta ta tafasa, ta tambayi kanta: na sani ne, ko zato nake?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta zauna kusa da shi. Ta ce, "Yaya Ɗalha, na daɗe ina yanke hukunci a kan abin da ke ranka. Yau tambaya nake. Me ya tashe ka ranar nan?"

Ya sunkuyar da kai, sai ga hawaye.

"Hannun Inna na ji a miyar, Ma'u. Ita ta ciyar da ni ina maraya, ban ko sallace ta ba. Na ce in na yi kuka a gabanki zan ƙara miki ciwo. Uwarki ce, ni wa nake da zan fi ki kuka? A mota nake zama in yi abina kafin in shigo."

"Wayyo Allah! Ni kuma ina nan ina zarginka!"

Suka yi kukan da ya kamata su yi tare tun farko. Zaman da ya biyo baya, shi ya raka ta wurin Dakta, ya kuma shiga ya zauna, domin shi ma ya gane zato ya yi da ya ɗauka shirunsa kariya ce a gare ta.

Da aka buɗe hanya tare suka je Haɗeja. Gwaggo ta tarbe su fuska ba walwala. Maimakon ta yi fushi, Asama'u ta kama hannunta.

"Gwaggo, me ya sa kika matsa in dawo?"

Tsohuwar ta goge ido da bakin zani. "Gidan ne ya yi min faɗi, 'yar nan. Sabuwa ta tafi, ke kina wata duniya." Ta juya ga Ɗalhatu. "Ka yafe min, ɗana."

"Haba Gwaggo, ya wuce," ya ce yana durƙushe.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a ce ƙarya ne. Zuciyar ɗan'uwanka ɗaki ne a rufe, wanda ya yi haƙuri ya yi sallama shi ake buɗe wa.