Gurbi na Shida

Gab da magariba Lauratu ta rage ita kaɗai a ofishin ƙaramin asibitin da take aiki a Tudun Wada. Rahoton zazzaɓin yara take haɗawa. Unguwanni biyar, zanen ƙididdiga biyar, kuma shugabanta ya ce lallai su zauna a shafi ɗaya. Sai ta rubuta wa kwamfuta umarni: layi biyu, kowanne gurbi uku. Gurbi shida ke nan, ɗaya ya zauna fayau.

Comfort, abokiyar aikinta, ta leƙo da jaka a kafaɗa.

"Kin bar ɗaki babu kowa," in ji ta. "Mamata ko kujera ba ta bari haka da almuru. Wai wanda ba a gayyata ba ne ke zama."

Lauratu ta yi dariya. Ita dama akwai raina magana.

Ƙarar acaɓan da ya ɗauki Comfort ta ɓace. Lauratu ta danna umarnin. Zanen Tudun Jukun ya fito, na Dutsen Abba ya fito, duk biyar suka jeru.

Na shidan ma ya fito.

Jan layi ne guda, yana hawa a hankali. A samansa an rubuta Hanifa, sunan 'yarta mai shekara uku, wadda ta baro a gida wajen Inna.

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika ofishin. Kujerar da ke bayanta ta yi ƙara, irin ta an zauna.

Waya ta yi kuka. Inna ce.

"Jikin yarinyar nan ya ɗau zafi yanzu-yanzu, kamar garwashi."

Jan layin ya wuce digiri talatin da tara na zafin jiki.

Lauratu ta goge gurbin. Ya dawo.

"Ke kika yi mini ɗaki," aka raɗa mata a ƙeya.

Tsoro ya kama ta. Ba ta waiwaya ba. Ta kwafi zanen Tudun Jukun, ta cusa shi a gurbi na shida, ta danna.

Arba'in.

Sai jan layin ya ɓace. Kujerar ta sake ƙara, irin ta an tashi.

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. A gida ta iske Hanifa zaune, jiki sharkaf da gumi, tana neman ruwa.

Har yau rahoton Lauratu na fitowa da Tudun Jukun sau biyu. Kowane wata shugabanta sai ya yi mata faɗan sakaci. Takan sunkuyar da kai ta ba shi haƙuri, amma ba ta taɓa gyarawa ba.