Samuel Na Layin Baya

Deborah na tsakar gida tana gugar rigar makaranta, Mama Kande na tankaɗe, sai Baba Istifanus ya rage muryar rediyo ya ce, "Wai yaron nan da ke rako ki har bakin ƙofa, wane ne?"

Baba ya yi shekara ashirin yana shugaban mawaƙa a cocinsu, kuma mutum ne da ke auna hankalin yaro da muryarsa.

"Samuel ne Baba, ajinmu ɗaya. Yana cikin babbar ƙungiyar mawaƙan da aka haɗa daga sakandarorin Katsina saboda Kirsimeti. Ai shi ke riƙe da layin maza gaba ɗaya!"

Ƙarya ce tsagwaronta. An ce kowace makaranta ta kawo ɗalibai ashirin ko a cire ta, su kuwa sha tara suka samu. Shi ne malamarsu ta jawo Samuel ta tsayar da shi a layin baya, ta ce ya riƙa motsa baki kawai, kada ya kuskura ya fitar da sauti. Cikin mutum ɗari uku wa zai gane? Shi ma gogan ya yarda ne don ya riƙa ganin Deborah wajen koyon waƙa.

"Madalla," in ji Baba. "Ya zo Lahadi da yamma in ji shi. In ya burge ni, sai ya riƙa shigowa gaisuwa."

Kwana huɗu tana neman bakin gaya wa Samuel, kunya ta hana ta. Bawan Allah ya zo da ledar lemo, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Baba ya miƙa masa littafin waƙoƙi.

"Ja mana ɗaya, an ce kai ne ginshiƙin maza."

Samuel ya dubi Deborah, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce, "ban iya ba. Cika lamba aka yi da ni, baki kawai nake motsawa."

"Wayyo ni Kande!" Mama ta dafe ƙirji.

"To kai ka ce mata ka iya?" Baba ya tambaya.

Samuel ya yi shiru, ya gwammace laifin ya zauna a kansa. Wannan shirun ya fi mari zafi a wajen Deborah. Ta zube ƙasa tana kuka.

"Ni ce Baba! Bai san ma na faɗa ba. Tsoro na ji kada ka raina shi—"

"Sai kika raina shi da kanki," in ji Baba. "Yadda yake bai ishe ki ba, sai da kika ƙera wani. Tashi ki ba ni wuri!"

Ya juya ga Samuel. "Asabar ƙarfe huɗu ka dawo. Wajena za ka zo, ba wajenta ba."

Asabar bakwai Deborah na kicin tana jin Baba na ja, Samuel na bi da murya kamar ta tsohuwar ƙofa, ba ta da izinin ko leƙowa. A makaranta ma da ƙyar take iya haɗa ido da shi.

Ranar taron Kirsimeti ɗakin taro ya cika maƙil. Samuel bai zama gwani ba, amma ya yi waƙar da muryarsa daga farko har ƙarshe. Da aka tashi, Baba ya kama hannunsa a gaban mutane, ya yafito Deborah.

"Ba shi haƙuri."

Ta ba shi, hawaye na zuba.

"Ya wuce," in ji Samuel.

"To ku yi gaba, ina bayanku," Baba ya ce. "Mamanku ta ce har da Samuel ta dafa shinkafar."

Tun daga ranar Deborah ta gane cewa wanda kake so ba ya buƙatar ka yi masa ado da ƙarya. Gaskiyar da ta ji tsoro ita ta shigar da Samuel gidansu.