Wadda Ke Riƙe Batir

A layin shagunanmu kowa ya san halin Kafinta. Mai wanki ya ce shekara bakwai suna maƙwabtaka bai taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinsa ba. In ya ɓata maka rai, washegari sai ka tarar ƙofarka da ke kuka ta yi shiru. Yayata kuwa cewa take, "Mutumin da bakinsa ya fi ƙusa tauri za ki aura? Baba ma don ke kawai ya kau da kai."

Ni dai na san abin da ba su sani ba.

Yana da injin huji mai batir, kuma a shagon ɗinkina yake sa caji, don rumfarsa ba wuta. Duk sanda zai canza ƙarfen huji sai ya fara zare batirin. Tabon da ke babban yatsansa ne ya koya masa haka, don injin ya taɓa tashi yana tsaka da kwance ƙarfe. Ranar da ya fara zuwa kafa min kantar ajiye kaya, ya miƙo min batirin bai ko kalle ni ba.

"Riƙe min, Telata. Muddin yana hannunki, yatsuna lafiya suke."

Iyakar kalmar soyayyar da na samu ke nan, kuma ta ishe ni shekara biyu. In ba na wurin, aljihu yake jefa shi. Ko ƙaninsa bai taɓa ba wa ba.

Sai wata Talata, saura wata guda aurenmu.

Na fito zubar da ƙyallaye na hango shi a shagon Mai Kitso, wanda ke kallon nawa. Yana kan kujera zai kafa mata madubi. Ya zare batir. Ta miƙa hannu, farcenta jajur.

Ya sa mata a tafin hannu.

Ta gan ni sarai. Ta ɗaga batirin ta manna a kumatu.

"Ashe ɗumi gare shi," ta ce, da muryar da ta tabbata ta tsallako titi. "Amarya, dama wannan kike riƙewa kike mana yanga?"

Na koma ciki. Ranar hannu biyu na ɗinka wa riga a gefe ɗaya.

Da yamma ya shigo sa caji.

"Telata, kin yi shiru."

"A wajenka na koya."

"Me ya faru?"

"Aljihunka ne ya huje? Kawo in ɗinke maka."

Ya kalli aljihun, ya kalle ni. Na ga lokacin da ya gane.

"Ina kan kujera ne... ita ta miƙo hannu."

"Duk wadda ta miƙo hannu sai ka cika mata shi ke nan?"

"Batir ne fa kawai."

Da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Laraba na tarar an gyara ƙafar kujerata. Alhamis aljihun teburin da ya shekara yana cijewa ya buɗe sumul. Juma'a sai ga sabon mariƙi a jikin taga. Da baki dai ko ƙanzil bai ce ba. Ita kuma Mai Kitso kullum da abin kafawa: yau ƙugiya, gobe agogo, bangonta ya kusa zama rariya. Ina jin kukan injin daga can, sai in taka keken ɗinki kamar shi ya yi min laifi.

"Cire zoben baikon nan ki huta," in ji Yaya a daren Juma'ar. "Yau batir, gobe wa ya sani?"

"Yaya, ba ki gane ba."

"Na gane ƙanwata ta rame a kwana uku. In bai buɗe baki ba zuwa gobe, ni zan kai masa kayansa."

Na zare zoben na jefa a gwangwanin maɓallai. Ban ce mata a'a ba.

Asabar da hantsi ya bar injin a shagona ya tafi sayen katako. Akwai ƙaramar kanta da na daɗe ina so a kafa min saman keke. Na ce yau zan nuna wa layin nan ba na jiran kowa.

Shekara biyu ina kallonsa, na haddace komai. Na duba inda wayar wuta ta bi a bango, na kauce mata. Na ɗaure ƙarfen tam kafin in sa batir. Na sa gilashinsa na kare ido, na kama injin da hannu biyu.

Abu ɗaya ne ban taɓa gani a wajensa ba, domin shi ba ya yafa gyale.

Ina sunkuyawa, bakin gyalena ya zubo gaba. Ƙarfen ya cafke shi. Kafin in ƙifta ido ya naɗe, ya fizgo kaina zuwa bango, ƙyallen ya shaƙe min wuya. Tsoro ya sa na ƙara matse makunnin maimakon in saki. Numfashi ya tsaya. Idona ya fara ganin duhu...

Hannuna na hagu ne ya yi tunani a madadina. Babban yatsa ya lalubo ɗan maɓallin zare batir ɗin nan da ya sani kamar hancin allura, ya danna.

Batirin ya faɗo a tafina. Injin ya mutu.

Sai ƙarar katako ya zube a bakin ƙofa.

"Telata!"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya zura yatsu tsakanin gyalen da wuyana ya sassauta, sannan ya shiga warware ƙyallen daga ƙarfen, zagaye bayan zagaye.

"Gyale, sarƙa, hannun riga mai faɗi... duk sai an soke su kafin a taɓa shi. Ban taɓa gaya miki ba."

"Me ka taɓa gaya min?" Muryata ta fito a dishe.

Inuwa ta tare ƙofa. Mai Kitso ce, tana leƙe.

"Ayya, amarya, ba aikinki ba ne ai. Malam Kafinta, kawo in riƙe maka batirin ka ji da ita."

Bai waiwaya ba.

"Yana hannun mai shi. Sauran aikinki kuma ki nemi wani, bangon ya gaji."

Ta ja tsaki ta wuce. Na so in yi dariya, wuyana ya hana.

Ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa, ya tsaya yana juya yagaggen gyalen a hannu.

"Zan sayo miki wani. Kantar ma yanzu zan..."

"Ba na so."

"Ko ƙofar baya..."

"Babu abin da ya rage ba ka gyara ba a shagon nan. Duba da kyau."

Ya duba bango, ya duba taga. Daga ƙarshe idonsa ya sauka a hannuna da ke ƙanƙame da batir, a yatsan da ba zobe. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Ina yake?"

Na nuna gwangwani da haɓa. "Yaya za ta kawo maka anjima."

Ya juye maɓallan a tebur, ya tsince shi a cikinsu. Ya durƙusa gaban kujerar da ya gyara ran Laraba. Sau biyu yana buɗe baki yana rufewa. Ban taimake shi ba. Na jira.

"Na ce miki batir ne kawai," ya ce a hankali, "alhali na san ba haka ba ne. Naki ne na ba wata, kuma na bar ki kwana huɗu da abin a rai. Ni na yi laifi, Telata. Ki yi haƙuri."